Tamiyon

Malam Zakka ya rubuta ta da alli,
baƙaƙen Helenanci masu lanƙwasa kamar ƙugiyar masunta,
ya ce mu faɗa: tamiyon.
Muka faɗa, harshe na tuntuɓe.

Ya ce, ɗakin nan da aka ce ka shiga
in za ka yi addu'a, ka ja ƙofa,
kada ku zana shi a zuci da labule da katifa.
Ɗakin ajiya ne. Taska.
Can ƙurya, inda tulun mai yake jingine da buhun hatsi,
babu taga, babu kujerar baƙo,
wurin da mai riƙe da mabuɗi ke shiga
ya auno abin da gida zai ci.

’Yan aji suna ta rubutu.
Ni kuwa warin daddawa ya buge ni,
daga Dabai, daga shekara goma sha bakwai baya.

Kaka Rahila tana da irinsa bayan madafa.
Ƙofar langa-langa ce, mai kuka in an tura,
mabuɗin a ɗaure a bakin zanenta.
Ciki akwai dawa buhu uku in damina ta yi kirki,
kabewa a jere a ƙasa,
barkono, kanwa, busasshiyar kuɓewa,
da wata tukunya da ba mu taɓa ganin cikinta ba.

Kullum kafin zakara ya yi na biyu
sai mu ji ƙofar ta yi kukanta.
Yayana Habila ya rantse ƙuliƙuli take ci a ɓoye.
Na ce kuɗi take ƙirga.
Muka sa caca da ɗan goruba.

Ni na leƙa, ta hujin ƙusa.
Na gan ta durƙushe tsakanin buhuna,
goshinta a kan dawa,
tana magana ƙasa-ƙasa da Dakarci,
kamar mai ciniki da wanda ta daɗe da sani.
Sunayenmu take kira, ɗaya ɗaya,
har da na kawu da ya tafi Legas bai aiko ba,
har da na maƙwabciyar da ba sa gaisawa.
Da ta zo kan nawa sai ta dakata,
ta maimaita.
Na koma shimfiɗa, na ce wa Habila duhu ne, ban ga komai ba.

Shekarar da ruwa ya ɗauke dawa na bunni,
buhuna suka kwanta kamar tsofaffin riguna.
Ba ta fasa shiga ba.
Takan daɗe fiye da da,
ta fito da ƙwarya, rabi ko ƙasa da rabi,
ta ce wa innarmu, ƙara ruwa, zai kai.

A coci bakinta ba ya motsi sosai.
In an ce wa zai yi mana addu'a,
sai ta duƙar da kai tana gyaran ɗankwali.
Mun ɗauka ba ta iya ba.

Da hutu na hau mota zuwa Zuru,
na ƙarasa gida a kan babur.
Ɗakin na nan. Kawu ya dawo, ya cika shi
da buhun taki da tsohuwar taya.
Na faɗa wa Goggo Kezaya kalmar,
ta sa na sake faɗa, ta yi dariya har da tari,
ta ce, kuɗin makarantar taka ke nan?

Da asuba na tura ƙofar. Ta yi kukanta.
Ɓera ya ba ni wuri.
Duk abin da na haddace ya tsaya a waje
tare da takalmana.
Na durƙusa inda ƙasa ta ɗan lotsa,
na rasa ta inda zan fara,
sai na fara da Habila.